Gem ɗin waya ya sa ɗana yana tuhumata da narkar da ƙanƙara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu, kuma ka yi haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo, ka san mu malaman makaranta ba mu iya gajarta magana ba.

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Bauchi, shekarata goma sha huɗu ina shan ƙurar alli, 'yan aji biyar da shida nake koya wa kimiyya. Abin da ya sa ni wannan rubutu a tsakar gidana ya faru. Ranar wata Asabar bayan la'asar ina tsugune gaban kurfoti ina ta fifita gawayi da murfin roba zan ɗora sanwar tuwo, sai ga Abba, ɗana na biyu, shekararsa goma sha ɗaya, ya zo ya tsaya a kaina ya riƙe ƙugu kamar wani hedimasta yace, "Umma kin san ke ce kike narkar da ƙanƙara?" Nace wace ƙanƙara kuma ana zaune ƙalau, mu da rabonmu da wuta yau kwana uku, firjin ma ya koma ma'ajiyar kwanuka. Yace a'a ba ta firji ba, ta can ƙarshen duniya inda farin beyar yake zaune, wai hayaƙin gawayin nan nawa shi ke hawa sama ya zama bargo ya lulluɓe duniya, zafi ya rasa hanyar fita, ƙanƙara ta narke, beyar ya rasa inda zai taka ya nutse shi da 'ya'yansa. Wallahi Edita har idon yaron nan ya ciko. Ni kuma hayaƙi ya riga ya cika min nawa, sai muka tsaya muna kallon juna kowa da ƙwallarsa, tasa ta beyar tawa ta gawayi.

Da na bi ba'asi ashe ƙanina ne, wanda ke karatu a jami'ar ATBU, ya zo hutun ƙarshen mako ya saka musu wani gem a tsohuwar wayar babansu. Na karɓa da daddare na duba bayan sun yi barci, niyyata in goge, sai ga ni har sha biyu da rabi ina dannawa. Ana ba ka wani tsibiri ne ka gina gari, in ka kafa masana'anta kuɗi su shigo amma wani jan layi a gefe ya riƙa hawa, in ya kai wani wuri sai ruwan teku ya fara cinye gidajen bakin gaɓa, in ka dasa itatuwa ko ka sa sola layin ya sauko. Shikenan fa gem ɗin. Amma sai na faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba, abin da na yi shekaru ina rubutawa a allo yara suna kwafa su haddace su zubar a jarabawa su manta, wato yadda iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gawayi da icce take taruwa a sama ta riƙe zafin rana, wannan abu ɗan gem ɗin nan ya cusa shi a kan Abba cikin sati ɗaya, kuma ba haddar aku ba, ya gane dalili, har ya iya ɗauko shi ya ɗora a kan kurfotin uwarsa. A littafi ce masa ake yi ga abin da zai faru, a gem kuwa shi ne da hannunsa ya jawo garinsa ya nutse, ya ji haushi ya sake daga farko.

Don haka masu cewa duk wani gem shirme ne ni kam ban bi su ba. Kuma da na tambayi ƙanin nawa sai na tarar duniya ta daɗe da gano wannan hanya. Tun a watan Satumba na 2019 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kan manyan kamfanonin gem a wani ƙawance da suka kira Playing for the Planet, don su riƙa sako zancen muhalli cikin wasanninsu. A 2020 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, wato UNDP, ta fito da wani gem mai suna Mission 1.5, wanda sunan ya samo asali daga yarjejeniyar Faris ta 2015 da ƙasashe suka ce za su yi ƙoƙari kada ƙarin zafin duniya ya wuce digiri ɗaya da rabi, kuma ta wannan hanyar suka tattara ra'ayin mutum miliyan 1.2 daga ƙasashe 50. Masu gem ɗin Minecraft suna da wani sashe na makarantu inda yaro zai shiga jikin dabba ya ga yadda take fama. Hukumar NASA ta Amurka ta yi wa yara shafi mai ƙananan wasanni kan yanayi. Ko a Afirka ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba, wani kamfani a Afirka ta Kudu ya fitar da Terra Nil a 2023, wanda a cikinsa ake ba ka ƙasar da ta mutu ƙurmus ka farfaɗo da ita, ruwa ya dawo, ciyawa ta fito, dabbobi su dawo, sannan ka kwashe injinanka kaf ka bar wurin. A Kenya ma akwai wasu da ke yin wasannin waya kan namun daji, Internet of Elephants suke kiran kansu.

To ina matsalar take? Ga ta nan.

Ranar Litinin na shiga aji na yi gwaji. Yara sun haura tamanin a ajin, waɗanda suka taɓa buga irin wannan gem ɗin ba su kai goma ba, sauran in ma sun samu waya to ƙwallo ne ko ludo ko wancan na harbe-harbe. Na ba su labarin ƙanƙarar da ke narkewa, sai wata yarinya mai wayo da ke zama a gaba ta ɗaga hannu tace, "Malama in ta narke ba sai a mayar da ita firiza ba?" Aji ya fashe da dariya amma ni ban yi ba, don yarinyar nan gaskiyarta ta faɗa, ita ƙanƙarar da ta sani ita ce wadda ake aikenta saye da azumi a ƙulle cikin leda, ta yaya za ta hango ƙasa guda wadda duk ƙanƙara ce? Daga nan na juya tambayar, nace wa ya san gawo? Shiru. Wa ya san ƙirya? Wani yace Malama abin da ake yi da kaji ne, wato shi tsire ko gashi yake nufi, Allah kaɗai ya san abin da ya ji. Wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa? Mutum uku, su ma ɗaya a talabijin ne. Da na koma gida na yi wa Abba irin tambayoyin nan, shi da ya san farin beyar da fenguwin da sunan wani kifi da ni kaina ban iya faɗa ba, bai san shamuwa ba. Ɗan Bauchi fa, jikan manoma ta uwa ta uba.

Wannan shi ya tsaya min a rai. Ni a wani ƙauye na ƙasar Alkaleri na tashi, kuma a lokacinmu ba sai an gaya maka damina ta kusa ba, da ka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidan mai gari tana ta jidar kirare ka san lokacin gyaran gona ya yi, kuma duk rashin jin yaro da danƙonsa ba ya harbin shamuwa, ba wanda ya rubuta dokar amma kowa ya san ta. Ungulu kuwa a mahauta ranar kasuwa sai ka kore su da ƙafa, har zagi ake da su. Yanzu je ka mahautar da ka ga dama ka ƙirga. Tun 2015 masana suka sa irin ungulun nan tamu ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, guba na kashe su, masu neman sassan jikinsu don tsubbu na farautarsu, kuma ita ce fa mai share mana mushe kyauta kafin ya zama cuta. Gawo kuma kakana, Allah ya jiƙansa, ko reshe ba ya bari a sara a gonarsa, don shi icce ne mai abin mamaki, da damina yake zubar da ganye ya bar wa dawa da gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma lokacin da ko'ina ya bushe shi sai ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona. In wannan ba darasin kimiyya ba ne to mene ne? Amma ba shi a wayar Abba, abin da ke ciki wasu itatuwa ne masu tsini kamar lema a rufe da ban taɓa gani a ƙasar nan ba.

Ga Yankari a ƙofar gidanmu. Daga nan ka kama hanyar Gombe, ka kai Dindima ka karya kwana, kafin azahar kana Mainamaji. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, ga ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, ga kogin Gaji inda dabbobi ke taruwa da rani, ga ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a Najeriya baki ɗaya. A cikin yarana tamanin da ɗoriya, biyar ne suka taɓa zuwa. Ga Sumu ma can wajen Ganjuwa da aka kawo wa raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya. Yaro yana kuka saboda beyar ɗin da ba zai taɓa gani ba, giwar da ke jiharsa kuwa bai ma san tana cikin haɗari ba.

Kuma ko giwar ce za a sa a gem, ina roƙo a sa ta da gaskiyarta. Ni na ga gonar da giwaye suka kwana a ciki. Ta ƙanin babana ce, dawa ta fitar da kai ana saura 'yan makonni a yanka, dare ɗaya suka shiga, da safe sai ka rantse tirela ce ta yi ta juyi a wurin, ga kashinsu tuli-tuli yana tururi, Baffa ya tsaya a bakin gonar da hularsa a hannu bai ce uffan ba, abincin shekara na gida mai mutum goma sha ya tafi. In ka je ka gaya wa ɗan wannan mutumin cewa giwa abar tausayi ce kawai, mai kashe ta mugu ne kawai, zai ajiye maka wayarka ya tafi, don ya san abin da kai ba ka sani ba. Gem ɗin da zai yi aiki a nan shi ne wanda zai sa yaro ya zama manomin, ya kuma zama ma'aikacin gandun dajin da ke kwana a jeji yana tsare ta daga mafarauta, ya ga kowa da hujjarsa, sannan ya nemo yadda za a yi dawa ta tsira giwa ma ta tsira.

Mu dawo kan gawayina, don har yanzu maganar Abba tana ci na. Edita ni ba son gawayi nake ba. Ina da silinda, tana nan a lungun kicin na rufe ta da tsohon zani. Da gas nake girki har zuwa lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kilo ɗaya ya zo ya haura naira dubu, albashin malamin firamare kuwa kowa ya san inda yake tsayawa, sai na koma gidan jiya. Kuma na san abin da nake ƙonawa, in mai gawayi yana son ya yabi kayansa ai cewa yake "Hajiya wannan na ƙirya ne, ba ya saurin cinyewa", ƙiryar da kafin ta isa sara sai ta yi shekaru masu yawa. Duk mai bin hanyoyin da ke shigowa Bauchi yana ganin buhuna jere a bakin titi da manyan motoci shaƙe da su suna fita. Na sani, raina ba ya so, amma tuwon dare ba ya jiran farashin gas ya sauko. To shi gem ɗin bai san wannan ba, a wurinsa danna maɓalli ne kawai ka canza daga gawayi zuwa sola, ba wanda zai tambaye ka ina kuɗin. Sai ya bar yaro da ganin uwarsa ce mai laifi. Bai gaya masa cewa Afirka gaba ɗayanta abin da take fitarwa na wannan hayaƙi bai kai kashi huɗu cikin ɗari na duniya ba, ƙasashen da suka ƙera gem ɗin su ne suka cika sama da shi tun kafin a haifi kakana. Illar gawayina ta gaske ba a kan beyar take ba, tana kan dajin Ningi da Toro da Alkaleri, tana kan ƙasar da iska za ta kwashe in an sare iccen, tana kuma kan ƙirjina da nake shaƙar hayaƙin. Wannan nake so ɗana ya gane, ya ji zafinsa, don shi ne abin da hannunsa zai iya kaiwa.

Mu fa sauyin yanayi ba labarin talabijin ba ne a wurinmu. Wanda ya yi azumin 2024 a garin nan ya san zafin da aka sha. A daminar 2024 ɗin ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, a watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, kafin nan ga ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan. 'Yan uwanmu na Gombe kuma kwari ne ke cin unguwanni, ka kwana da katanga ka tashi babu. Tafkin Chadi da ake ba mu labarin girmansa a shekarun 1960 ya ƙafe ya bar kaɗan daga abin da yake. Ruwa ya zo a makare, ko ya zo da wuri a yi shuka ya ɗauke sati uku iri ya ƙone a ƙasa. Ba cewa nake duk ambaliya sauyin yanayi ne kaɗai ya kawo ta ba, ledar da muke cusawa a kwalbati da ginin da muke yi a hanyar ruwa suna da nasu kason, kuma wannan ma ai abin sawa ne a gem, yaro ya ga unguwarsu ta cika da ruwa saboda ledar fiyawota da ya jefar a mataki na farko.

Da yake ba ni da wayar da zan raba wa yara tamanin, sai na gwada nawa gem ɗin na gargajiya. Na sa suka tsinto min murafen lemo guda sittin na zuba a faranti nace wannan shi ne dajin garinmu, kowane murfi icce ɗaya. Na raba su gida shida. Kowace shekara, wato kowane zagaye, gida zai iya ɗibar har biyar, kowane murfi maki ɗaya a allo, gidan da ya kasa samun biyu ya kwana da yunwa ya fita daga wasa, gidan da ya fi maki kuma yana da biskit. Bayan kowace shekara, duk murfi biyu da suka rage a faranti zan ƙara ɗaya, daji ya haihu kenan. Edita, zagayen farko kowa biyar-biyar ya dumbuza, na biyu ma haka, a shekara ta uku gida na biyar murfi biyu ya tarar, na shida ya tarar da faranti wayam, sai rigima ta kaure, "Malama su suka cinye!", "Ai ku ma biyar kuka ɗiba!" Na bar su suka yi ta yi. Da muka sake, wata yarinya shiru-shiru da ban taɓa jin muryarta sosai ba ta yi lissafi a bayan littafinta tace in kowa ya tsaya a uku dajin ba zai taɓa ƙarewa ba, har ƙaruwa zai yi. Suka yarda, suka naɗa ta sarkin daji, har da hukunci ga wanda ya saɓa, don an kama wani ya ɓoye murfi biyu a safa. Shekara biyar daji yana nan lafiya. Sai na shigo a matsayin mai babbar mota daga birni nace duk murfin da aka sayar min maki uku zan bayar. Ban ƙarasa rufe baki ba doka ta watse, har 'yan gidan sarkin dajin sai da suka sayar tana ihu tana hana su. Da faranti ya koma wayam ajin ya yi tsit, sai wani yaro daga baya, ɗan mai sayar da icce ne, yace a hankali, "Malama wallahi haka ake yi a garinmu." Ban ƙara komai a kai ba, aka buga ƙararrawa.

In murafen lemo za su yi wannan, ina ga an mayar da shi cikin waya da hoto da murya? Shi ya sa nake kira ga yaranmu masu karatun kwamfuta a ATBU da Gadau da jami'ar jihar Gombe da ta Kashere da kwalejojin kimiyya, ku da kuke iya kwana kuna haɗa manhajar da ba wanda zai buɗe bayan an ba ku maki, ku yi mana gem na gonar kaka mana. A ba yaro gona da rijiya da awaki da 'yan itatuwa da iyali masu cin tuwo kullum. Hasashen damina ya zo masa kamar yadda hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa duk shekara, ya zaɓi irin da zai shuka, mai saurin nuna ko mai jinkiri. Kuɗin makaranta ya taso, mai gawayi ya zo yana taya ƙiryar gonar, ya sayar ko ya haƙura, in ya sayar ya ga abin da iska da ruwa za su yi wa gonar bayan shekara uku. Makiyayi ya zo wucewa, su daidaita ya bar masa taki ko su yi rigima kowa ya yi asara. A sa masa dabarar da manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani, maimakon ka tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona sai ka zaɓi rassa masu ƙarfi ka gyara ka bar su su girma, da haka aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ba tare da an sayi dashe ba, kuma manoma Hausawa 'yan uwanmu ne suka yi aikin a gonakinsu.

Amma don Allah a yi shi daidai da aljihunmu. Ya yi magana da baki, da Hausa, in da hali har da Fulatanci, don yaron da bai iya karatun boko ba da almajirin da ke leƙen wayar wani a bakin shagon caji su ma su gane. Kada ya zama sai da data, tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025 ba uwar da za ta bar yaro ya ƙone mata ita a kan wasa, a yi shi ƙarami wanda za a tura ta Xender daga waya zuwa waya ya kuma buɗe a irin wayoyin nan namu masu fasasshen gilashi. Kuma kada a cika shi da talla, wanda ke wayarmu ina cikin dasa itatuwa sai ga tallar caca ta faɗo da wata mata rabin tsirara, wannan kaɗai ya isa maigida ya hana, kuma ya hana ɗin na kwana biyu sai da muka koyi kashe data kafin a ba su.

Na san akwai iyaye da malamai da za su ce Malama ke ma kin bi yarima, yaran da muke fama su ajiye waya su ɗauki allo ke kuma kina neman a ƙara musu. Ban ce ba ku da gaskiya ba, ni ma a gidana sai an yi hadda an yi aikin makaranta ake ba da ita, minti talatin, ranar Asabar da Lahadi. Amma wayar nan ta riga ta shigo, ko ka hana a gidanka zai gani a maƙwabta, gara a samu abin kirki a ciki. Kuma abin da za a koya musu ba baƙon abu ba ne a addininmu, a Islamiyya ana karantar da su hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa icce, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Sun haddace, ba su dai taɓa haɗa shi da ramin da za su tona da hannunsu ba.

Gwamnatocinmu kuma suna da inda za su shigo. Bauchi da Gombe duk suna cikin jihohi 11 na shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Gombe ta ƙaddamar da nata shirin dashen itatuwa mai suna 3G a 2019 da burin dasa miliyan ɗaya duk shekara. Madalla. Sai dai duk wanda ya taɓa dasa ko zogale ya san dasawa ita ce mai sauƙi, wahalar tana watan Maris da Afrilu, lokacin da ba kyamara ba manyan baƙi, sai rana da awaki. Wa zai ba dashen ruwa a lokacin? Yaran makaranta ne ke wucewa ta wurin kullum. In da za a ɗauki ɗan abin da ake kashewa a rumfa da kujerun bikin dashe a ba matasa su haɗa gem ɗin da ba za ka wuce wani mataki ba sai ka ɗauki hoton iccenka na gaske yana raye bayan wata uku, bayan wata shida, makarantar da ta fi rayayyun itatuwa a kai 'yan ajin Yankari su yi wanka a Wikki, ni na san yarana, har faɗa za a yi a kan bokiti.

Shi kuwa Abba, ranar da ya tuhume ni nace to naji, tunda ni ce mai laifi kai sai ka biya min diyya, na ba shi ƙwallon mangwaro ya shuka a bayan ɗaki. Ya fito, ganye huɗu jajaye, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye shi tas, ya yi kuka kamar an yi mutuwa. Na biyun ya kewaye shi da fasassun bulo ya kifa tsohon kwando a kai, ruwan alwalar gidan nan duk a gindinsa yake ƙarewa yanzu, har babansa sai an tare shi da roba in zai yi. Shekaranjiya na same shi tsugune yana auna shi da rula, ya ɗago yace, "Umma wannan fa ba ya sauri, na gem sakan biyar yake girma." Nace haka na Allah yake. Ya ɗan yi shiru sannan yace to ƙiryar da ke cikin buhun gawayinki ita shekara nawa ta yi, nace je ka tambayi kakanka in mun je gida da sallah, zai ma nuna maka gawo.

In akwai matashin da ya karanta wannan ya ji zai iya haɗa gem ɗin, ya nemi ni ta hannun jaridar nan, ina da masu gwaji sama da tamanin kyauta, kuma ba sa ɓoye ra'ayinsu, in bai yi daɗi ba a gabanka za su faɗa. Dokokin wasan murafen lemon ma suna nan na rubuta a bayan rajista, duk malamin da ke so zan ba shi.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Taku,
Wata malamar firamare,
Bauchi.